Aro da Kwafi da Sauraro: Hanyoyin Littafi a Rayuwar Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakunan malamai da ɗalibai, watau cewa Bahaushe ba ma'abocin karatu ba ne. Hujjar da akan kafa kuwa ita ce, in an shiga laburaren gwamnati a manyan garuruwan Arewa, ba a cika tarar da kowa ba sai 'yan makaranta masu shirin jarrabawa, su ɗin ma da littattafansu suke zuwa, inuwa da shiru kawai suke nema. Daga nan sai a yanke hukunci a kan al'umma baki ɗaya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa mudun da aka yi wannan awo da shi bai cika ba. Laburaren jama'a, irin mai gini da kantoci da katin aro, baƙo ne a ƙasar Hausa, bai ma cika shekara ɗari ba. Littafi kuwa ya riga shi zuwa da ƙarnuka masu yawa, kuma tun da ya zo yake da hanyoyi uku da yake bi ya isa ga mutane: a are shi, a kwafe shi, ko kuma wani ya karanta shi a bayyane wasu su saurara. Za a bi sawun waɗannan hanyoyi tun daga zamanin rubutun hannu har zuwa zamanin wayar hannu, sa'an nan a dubi abin da ke salwanta saboda an ƙi lasafta su cikin sha'anin laburare.

2.0 Zamanin Rubutun Hannu

Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya ambaci zuwan littattafai kamar yadda yake ambaton yaƙe-yaƙe da gina ganuwa. Ya nuna cewa Wangarawa sun iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), kuma a zamanin Sarki Yakubu (1452-1463) wasu Fulani suka zo da littattafan tauhidi da na lugga, suka ƙara a kan Alƙur'ani da fiƙihu da hadisi waɗanda ake da su a lokacin. A zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) kuma Shehu Magili ya zauna a Kano har ya rubuta wa sarkin littafi a kan sha'anin mulki. Marubucin tarihin ya ɗauki isowar littafi a matsayin abin da ya cancanci a tuna da sarki saboda shi.

Littafin wancan zamani yana da tsada ainun. Takarda daga Turai take fitowa, galibi daga Italiya, ta ratso Tarabulus da Hamada a kan raƙuma. Da yawa daga cikin rubuce-rubucen ƙarni na 19 suna ɗauke da tambarin jinjirin wata uku da ake gani in an ɗaga takardar a haske. Tawada da alƙalami a gida ake haɗa su. Ba a ɗinke littafi, warƙa-warƙa ake barinsa, a rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan shafin da ya ƙare don kada jeri ya rikice, sa'an nan a rufe shi da tadarishi a saka cikin gafaka. Wannan siffa ta sauƙaƙa aro ƙwarai da gaske, domin malami yana iya ba almajiri 'yan warƙoƙi ya tafi ya kwafa, in ya mayar ya karɓi na gaba, alhali sauran littafin yana nan ana karatu da shi. Mai son mallakar littafi, in ba shi da kuɗin biyan marubuci, sai ya biya da idonsa da yatsunsa. A ƙarshen aikin yakan rubuta sunansa, wani lokaci da na wanda aka yi wa kwafin, ya roƙi mai karatu addu'a.

Malaman jihadi sun bar shaida mai yawa a kan wannan ƙauna. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh, inda ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu. Masana tarihi sun ambata cewa a hijirar Shehu Usmanu daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804, littattafansa na daga cikin kayan da aka ɗora wa raƙuma. Baturen nan ɗan yawon bincike, Hugh Clapperton, da ya koma Sakkwato a 1826, ya kai wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kyautar littattafan Larabci, ciki har da littafin lissafi na Uƙlidis. Ya ba da labarin cewa wata rana ya tarar da Bello zaune da littafin a gabansa, har Bello ya shaida masa cewa dā suna da irinsa wanda wani ɗan'uwansu ya samo a Makka, amma ya ƙone a wata gobara da aka yi a gidansa. A 1853 kuma Heinrich Barth ya sami aron Tarikhus Sudan, tarihin Songhai da Tambutu, a hannun wani malami a Gwandu, ya zauna 'yan kwanaki yana kwafe abin da ya iya kafin ya mayar. Ta wannan aro ne Turai ta fara sanin abin da littafin ya ƙunsa. Ke nan Barth ya bi hanyar da kowane almajiri yake bi.

Hanya ta uku, watau sauraro, ita ce ta kai littafi ga wanda bai iya baƙi ba. A karatun zaure, ɗalibi yakan karanto Larabcin Ahalari ko Iziyya ko Risala, malam yana fassarawa gaɓa-gaɓa da Hausa, duk wanda ke zaune kuwa ya samu rabonsa ko da ba shi ne mai darasin ba. A tafsirin watan azumi mai jan baƙi yana ja, malam yana fassara, gari guda yana saurare. Nana Asma'u (1793-1864) ta tsara wannan hanya domin matan karkara: jajis ɗinta sukan koyi waƙoƙin wa'azi da na tarihi a wurinta, su koma ƙauyukansu su koyar da 'yan taru. A nan, warƙa ɗaya tana iya isa ga mata masu yawa waɗanda ba su taɓa riƙa ta a hannu ba.

3.0 Zuwan Boko da Ɗab'i

Da Turawa suka kawo boko, sun tarar da mutane masu karatu amma babu abin karantawa da sababbin haruffan. Don haka aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta koma Zariya ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta R. M. East. Gasar da aka shirya a 1933 ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Magana Jari Ce ya biyo baya cikin juzu'i uku daga 1937, sa'an nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a watan Janairu na 1939.

Abin lura shi ne, maɗaba'a ta kashe wahalar kwafi, amma aro da sauraro sun ci gaba da aikinsu kamar dā. Masu boko 'yan kaɗan ne a lokacin. Jaridar kwabo ɗaya takan shiga gari a hannun malamin makaranta ko akawun En'e, da yamma a taru a ƙofar gida ko a inuwar bishiya ya karanto labarin Yaƙin Duniya na Biyu, dattawa suna saurare suna tambaya. In ya gama, jaridar ta wuce gidan maƙwabci. Saboda haka yawan kwafin da aka buga bai taɓa zama ma'aunin yawan waɗanda labarin ya isa gare su ba. Shi kansa tsarin Magana Jari Ce, inda aku yake ba ɗan sarki labari dare bayan dare, ya dace da wannan yanayi, domin kowane labari yana da tsawon hira ɗaya, kuma an rubuta shi da Hausar da ke da daɗi a kunne.

A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwan manya a birane da ƙauyuka. Hukumar NORLA, wadda ta yi aiki har 1959, ita ta ɗauki nauyin samar wa sababbin masu karatu abin karantawa. Ta fitar da ƙananan littattafai masu araha, da jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya. An kuma buga waƙoƙi da ajami da boko. Infiraji na Aliyu Namangi misali ne mai kyau: mawallafin makaho ne, da ka ya tsara waƙar, aka rubuta, aka buga, sa'an nan ta sake komawa baki, almajirai da makafi suna rera ta a ƙofofin gidaje da tashoshin mota.

Haka nan ɓangaren Larabci bai tsaya ba. Littattafan da aka buga a Masar da Beirut sun cika rumfunan Kasuwar Kurmi, maɗaba'un Kano da Zariya kuma suka shiga ɗaukar hoton rubutun hannu suna bugawa, don mai saye ya samu irin hannun da idonsa ya saba da shi. Masu tallar littattafai suka riƙa shimfiɗa Ishiriniya da Dala'ilu da Ƙawa'idi a harabar masallatan Juma'a da kasuwannin ƙauye, al'adar da har yanzu ba ta gushe ba.

4.0 Laburaren Hukuma

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne aka fara buɗe ɗakunan karatu a hedikwatocin En'e, musamman don yaɗa labarin yaƙin. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, wanda yake aika akwatunan littattafai zuwa larduna da makarantu. A 1953 hukumar UNESCO ta yi taro a Ibadan a kan bunƙasa laburaren jama'a a Afirka, kuma a 1963 F. A. Sharr ya miƙa wa gwamnatin Arewa rahoto a kan bukatunta ta wannan fanni. Da aka ƙirƙiro jihohi a 1967, sai nauyin ya koma kan kowace jiha.

Babu mai musun alfanun waɗannan wurare. Mutane da yawa da suka zama malamai da marubuta a can suka fara cin karo da littafin da ba na aji ba. Amma akwai dalilai uku da suka hana su shiga rayuwar talaka ta yau da kullum. Na farko shi ne harshe: mafi yawan abin da ke kan kantoci da Ingilishi yake, alhali mafi yawan masu karatu a ƙasar da Larabci da ajami da Hausar boko suke karatu. Na biyu shi ne ƙa'idar shiru, wadda ta kore mai sauraro gaba ɗaya, ta bar mai karatu shi kaɗai. Na uku shi ne wuri da lokaci: ginin yana unguwar ma'aikata, ana buɗe shi lokacin da ɗan kasuwa da manomi ke wurin nema, matar aure da ke cikin kulle kuwa ba ta da hanyar zuwa ko kaɗan. Wanda ya ƙirga kujerun da babu kowa a kansu, ya ce mutane ba sa karatu, ya manta bai tambayi su wa aka gina wa ɗakin ba.

5.0 Adabin Kasuwar Kano da Shagunan Haya

Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya fitar da dubban matasa, maza da mata, waɗanda suka iya karatun Hausa. Kamfanin NNPC na Zariya ya fitar da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980, amma da tattalin arziki ya taɓarɓare, musamman bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, manyan kamfanoni suka ja da baya suka koma ga littattafan makaranta. Sai marubuta suka shiga buga aikinsu da kansu a ƙananan maɗaba'u. Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, suna daga cikin waɗanda suka yi fice. Wannan shi ne abin da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, wanda manazarta irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka yi doguwar muhawara a kansa a jaridu cikin shekarun 1990.

Ko mene ne ra'ayin mutum game da darajar waɗannan littattafai, yadda suka yi yawo ya isa abin nazari. An riƙa kasa labari ɗaya kashi biyu ko uku ko huɗu, mai karatu ya gama na ɗaya ya nemi na biyu, kamar dai yadda almajiri yake mayar da warƙoƙi ya karɓi na gaba. Shagunan haya suka buɗe a unguwanni, inda ake ba da littafi na kwana ɗaya ko biyu a kan kuɗi kaɗan. Mai shago yana da littafin rubuta sunaye, ya san abin da kowace mai haya ta karanta, ya san abin da zai ba ta in ta dawo. Wannan aikin ma'aikacin laburare ne sak, sai dai ba a kira shi da sunan ba. Matar da ba ta fita kuwa yaro take aika, ko dillaliya ta shigo mata da shi cikin kayan talla. Daga hannunta ya wuce ga kishiya, da ƙanwa, da maƙwabciya, har bangon ya fita a manne shi da gam. Gidajen rediyo kuma suka buɗe filayen karanta littattafai, wanda ya mayar da tsohuwar da ba ta yi boko ba cikin masu bin labarin.

Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. A sha'anin littafi karin maganar bai zauna daidai ba, domin wadda ta karanta littafin haya ta mayar, abin da ta karanta yana nan tare da ita.

Da wayar hannu ta yawaita, hanyoyin nan uku sun sake sabon gida. Marubuta da dama, akasarinsu mata, suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu suna tura wa juna, wasu kuma suna karanta shi da murya su ɗora a YouTube. Turawa aro ne, sauke fayil kwafi ne, muryar da ke fita daga waya a madafi kuwa ita ce ta mai karanta Gaskiya a inuwar bishiya. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta ta nuna cewa rijiyar ba ta ƙafe ba.

6.0 Abin da ke Salwanta

Duk da haka, wannan tsari yana da babban rauni: ya iya yaɗa littafi, amma bai iya adana shi ba. Gobarar da ta cinye littafin Uƙlidis a gidan Sarkin Musulmi tana da 'yan'uwa, watau gara da ruwan damina da ɓera. Akwai kuma rabon gado, inda tarin da malami ya shekara hamsin yana haɗawa yake watsewa tsakanin magada, wani lokaci ma littafi ɗaya ya rabu gida biyu saboda warƙoƙinsa a sake suke. Aro kansa yana da nasa ciwon, domin ba kowane mai aro ne yake mayarwa ba, abin da ya sa wasu gidaje suka rufe taskarsu ga kowa.

Inda aka samu mai kulawa, an ga amfanin abin. Tarin Waziri Junaidu (1906-1997) a Sakkwato shi ne ginshiƙin binciken Murray Last wanda ya fito a 1967 a kan daular Usmaniyya. Shirin Binciken Tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello, da Gidan Arewa na Kaduna wanda Abdullahi Smith ya kafa a 1970, da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, sun tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami masu yawa. Amma abin da ke cikin gidajen malamai a Kano da Katsina da Zariya da Gwandu da Damagaram bai shiga lissafi duka ba.

Littattafan kasuwa sun fi shiga haɗari, saboda raini. An buga su a takarda mai arha, da yawa babu shekarar bugu a jikinsu, kuma ko da yake dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai ɗab'i ya ajiye kwafi uku na duk abin da ya buga, marubucin da ya buga da kuɗin aljihunsa bai cika sanin da dokar ba. Ɗalibin da ya zaɓi nazarin wani littafi na shekarun 1990 yakan samu juzu'i na ɗaya da na uku, na biyu ya gagara, har a wurin mawallafin. Na waya kuwa sun fi kowanne saurin ɓacewa: in aka rufe zaure, ko waya ta lalace, labarin ya tafi ke nan. Waɗannan rubuce-rubuce su ne shaidar yadda Hausawa suka yi tunani a kan aure da kishi da ilmin 'ya mace da dukiya cikin shekaru arba'in, kuma masu nazarin harshe ba su da wata taska da ta kai su yawan Hausar yau da kullum a rubuce.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ya bayyana cewa ƙaunar littafi tsohuwa ce a ƙasar Hausa, kuma gafakar malam da rumfar Kurmi da shagon haya da filin rediyo su ne wuraren da ta fi zama. Laburaren hukuma ya zo da abin da waɗannan suka rasa, watau adanawa da tsara sunaye, amma ya rasa abin da suke da shi, watau kusanci da mutane da harshensu.

Sashen Hausa na jami'a yana tsakiyar waɗannan biyun, don haka akwai aikin da ya hau kansa. Kowane ɗalibi daga wani gari ya fito, kuma in ya tafi hutu yana iya rubuto sunayen littattafan da ke gidan malamin unguwarsu, da izinin masu su, ba tare da ya ɗauke ko warƙa ɗaya ba; hoto da waya ya wadatar. Yana iya neman tsofaffin masu shagon haya ya tambaye su abin da aka fi nema da waɗanda suka fi nema, ya kuma sayo ragowar littattafan da suka jibge kafin a sayar da su ga masu ƙosai. Sashe kuma ya keɓe kanta guda domin waɗannan, a rubuta wa kowanne suna da mawallafi da maɗaba'a da shekara gwargwadon abin da aka gano, a kuma fara ajiye labaran waya a kwamfuta da yardar masu su. Hukumomin laburare na jihohi su ma suna da darasi a wurin mai shagon haya: littattafan Hausa da Larabci da ajami a kan kanta, ƙananan rassa a cikin unguwanni, da sa'a guda a mako da za a ɗage dokar shiru a karanta wa jama'a littafi a bayyane. Allah Ya sa a dace.